Yadda Ake Sa Fayiloli Su Riƙa Tafiya Daga Saba Zuwa Saba Ba Tare da Kalmar Sirri Ba

Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da manyan shaguna a nan Maraɗi sun sha kawo mini tambaya guda. Suna da na'ura a ofis wadda ke riƙe da lissafin yini, suna kuma da wata saba, wato kwamfutar da wasu na'urori ke haɗuwa da ita daga nesa, a Yamai ko wadda suka yi haya a intanet, kuma suna so kowane dare fayiloli su tafi da kansu ba sai wani ya zauna ya buga kalmar sirri ba. Da yawansu sun riga sun bi hanyar da ta fi kusa, wato sun rubuta kalmar sirrin a cikin fayil ɗin umarni, kuma wannan hanya ba na shawartar kowa da ita, domin duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya samu ƙofar shiga sabar baki ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce makullin SSH, wato tsarin da ake shiga wata na'ura da shi daga nesa cikin tsaro. Sai dai ku riƙe wannan tun daga farko: makullin da ba a ɗaure shi da kalmar sirri ba, matuƙar ba a iyakance abin da zai iya yi ba, bai fi waccan kalmar da aka rubuta a fayil tsaro ba. Shi ya sa mataki na biyar ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Abin da za ku tanada

Na ɗauka cewa na'urorin biyu suna aiki da Linux, Debian ko Ubuntu, kuma kuna da ikon `sudo` a kansu. Wadda ke aikawa zan kira ta na'urar Maraɗi, wadda ke karɓa kuma sabar ajiya, da adireshin misali 203.0.113.10, wanda za ku maye gurbinsa da naku. Manhajojin da ake buƙata su ne OpenSSH, mai gudanar da SSH, da rsync, mai kwafe fayiloli daga na'ura zuwa na'ura, kuma dukansu kyauta ne. Ku sanya rsync a ɓangarorin biyu da `sudo apt install rsync`, sannan ku tabbatar akwai `openssh-server` a sabar ajiya. Kuɗin da za a kashe bai wuce na hayar saba da na intanet ba, kuma jigilar farko ce kaɗai mai cin data da yawa, tunda bayan ta rsync ba ya aika komai sai abin da ya canza.

Ku yanke shawara kan wa zai nemi wa kafin ku taɓa komai. Ofis ɗin da ke samun intanet ta layin kamfanin waya yawanci ba shi da adireshin kansa da za a iya kiransa daga waje, don haka shi ne zai riƙa turawa, sabar da ke da tsayayyen adireshi kuma ta karɓa. A kan wannan tsari jagorar ta ginu.

1. Ku buɗe asusu na musamman a kowane ɓangare

A sabar ajiya:

`sudo adduser --disabled-password ajiya`
`sudo mkdir -p /srv/ajiya/maradi`
`sudo chown ajiya:ajiya /srv/ajiya/maradi`

A na'urar Maraɗi:

`sudo adduser --disabled-password aike`
`sudo -iu aike`

Daga nan duk umarnin da za ku bayar a na'urar Maraɗi, a cikin asusun `aike` za ku bayar da shi, domin shi ne zai riƙa gudanar da aikin da dare. Ku kuma tabbatar yana da ikon karanta foldar da za a aika.

Gargaɗi: kada ku yi wannan aiki da asusun `root`, mai cikakken iko a kan na'ura, ko da kun ga ya fi sauƙi. Haka kuma kada ku mayar da shell na asusun `ajiya`, wato abin da ke karɓar umarninsa, zuwa `nologin` da nufin ƙara tsaro, saboda ta cikinsa ne SSH ke tayar da rsync, kuma in kuka toshe shi jigilar ba za ta tashi ba. Toshewar da ta dace tana mataki na biyar.

2. Ku ƙera makulli a na'urar da ke aikawa

`mkdir -p -m 700 ~/.ssh`
`ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/makullin_ajiya -N "" -C "maradi-ajiyar-dare"`

Umarnin zai fitar da fayil biyu. Mai suna `makullin_ajiya` shi ne na sirri, mai ƙarewa da `.pub` kuma shi ne na fili. Na filin kamar kwaɗo yake, wanda za a iya rataya shi a ƙofar sito kowa ya gan shi ba tare da wata illa ba, na sirrin kuwa shi ne ɗan makullin da ke buɗe kwaɗon, kuma wurin zamansa na'urar da aka ƙera shi a cikinta. Alamar `-N ""` ita ke nuna cewa ba a sa masa kalmar sirri ba, abin da ke bayan `-C` kuma suna ne kawai da zai taimaka muku gane makullin bayan shekara guda, lokacin da layuka suka yi yawa a sabar.

Na zaɓi nau'in ed25519 ne saboda gajere ne, mai ƙarfi, kuma OpenSSH ya san shi tun fitowa ta 6.5 a shekarar 2014. Idan ɗaya daga cikin na'urorin ta girmi haka, ku yi amfani da `-t rsa -b 4096`, amma ku sani cewa daga fitowa ta 8.8 a 2021 OpenSSH ya daina karɓar tsohon salon sa hannu na RSA, kuma wannan kan sa sabuwar na'ura da tsohuwar saba su ƙi fahimtar juna. Sabunta tsohuwar ya fi a tsaya ana lallaɓa ta.

Gargaɗi: makullin sirri ba ya bin WhatsApp, ba ya bin imel, ba ya hawa filash. Idan akwai reshe a Tasawa da wani a Gidan Rumji, kowannensu ya ƙera nasa makullin a na'urarsa, ya kuma samu foldarsa daban a sabar. Ta haka ne ranar da aka sace na'urar reshe ɗaya za a soke makullinta kaɗai, sauran su ci gaba da aiki.

3. Ku kai makullin fili sabar ajiya

Akwai umarnin `ssh-copy-id` da ke yin wannan aiki, amma yana buƙatar a shiga da kalmar sirri sau ɗaya, asusunmu kuwa ba shi da ita. Don haka da hannu za a yi. Ku buga `cat ~/.ssh/makullin_ajiya.pub` a na'urar Maraɗi, ku kwafe layin da ya fito, sannan a sabar ajiya ku yi haka:

`sudo -iu ajiya`
`mkdir -p ~/.ssh`
`nano ~/.ssh/authorized_keys`

Ku liƙa layin, ku adana, sannan ku gyara izini:

`chmod 700 ~/.ssh`
`chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys`

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Makullin layi ɗaya ne tak, yana farawa da `ssh-ed25519`, yana ƙarewa da sunan da kuka ba shi, kuma idan wurin kwafewa ya karye gida biyu, sabar ba za ta gane shi ba. Ku duba da `wc -l ~/.ssh/authorized_keys`, adadin layuka ya yi daidai da adadin makullai. Batun izini kuma ba ado ba ne: SSH yana ƙin amincewa da fayil ɗin idan wani asusu daban na iya rubutu a cikinsa, ko a foldar `.ssh`, ko ma a foldar gidan asusun kanta, kuma ba zai faɗa wa mai ƙoƙarin shiga dalili ba. Idan kun ƙirƙiri fayil ɗin da `sudo` kai tsaye, mallakarsa za ta koma hannun `root`, kuma da izinin 600 sabar ba za ta iya karanta shi da sunan `ajiya` ba, sai kun mayar da ita da `sudo chown -R ajiya:ajiya /home/ajiya/.ssh`.

4. Shiga ta farko da tantance sabar

Kafin ku gwada, ku karanta shaidar sabar daga cikinta:

`ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`

Za ta nuna dogon jerin haruffa mai farawa da `SHA256`. Sannan daga na'urar Maraɗi:

`ssh -i ~/.ssh/makullin_ajiya ajiya@203.0.113.10`

SSH zai nuna shaidar na'urar da ya tarar, ya tambaya ko kun yarda. Ku kwatanta ta da wadda kuka karanta, harafi da harafi, kafin ku buga `yes`. Idan mai kula da sabar yana Yamai, ku kira shi a waya ya karanto muku. Da zarar kun amince, za a rubuta shaidar a `~/.ssh/known_hosts` na asusun `aike`, kuma daga ranar SSH zai ƙi haɗawa da duk na'urar da ta zo da wata shaida daban. Idan kun shiga ba a tambaye ku kalmar sirri ba, makullin ya kama. Ku fita da `exit`.

Gargaɗi: za ku ga wasu suna ba da shawarar a sa `StrictHostKeyChecking no` don a huta da wannan tambaya. Kada ku yi. Ma'anarsa ita ce na'urarku za ta miƙa lissafin ofis ga duk wanda ya tsaya a wannan adireshi. Ku kuma lura cewa amincewar da kuka yi a asusunku na kanku ba ta shafi `aike` ba, kowane asusu da nasa kundin.

5. Ku ɗaure makullin

A halin da ake ciki, duk wanda ya samu makullin sirrin zai iya shiga sabar, ya zagaya, ya karanta abin da ke ciki, ya kuma yi amfani da ita a matsayin gada zuwa wasu na'urori. Aikin da muke so ya yi kuwa guda ne: ya ajiye fayiloli a folda ɗaya. Tare da rsync akwai wata ƙaramar manhaja mai suna rrsync da aka yi domin wannan, kuma a sababbin fitowar Debian da Ubuntu tana `/usr/bin/rrsync`. Ku tabbatar da `which rrsync` a sabar ajiya, sannan ku sake buɗe `authorized_keys`, ku yi ƙari a farkon layin makullin, a layi ɗaya da shi, ta yadda layin zai koma haka:

`command="/usr/bin/rrsync -wo -no-del /srv/ajiya/maradi",restrict ssh-ed25519 AAAA... maradi-ajiyar-dare`

Sashen `command=` yana tilasta cewa komai mai makullin ya nema, rrsync kaɗai za a tayar masa, kuma a cikin wannan folda kaɗai. `-wo` na nufin rubutu kawai, ba zai iya ɗauko komai daga sabar ba. `-no-del` yana hana shi umarnin gogewa, sai dai wannan zaɓi yana cikin sababbin fitowar rrsync ne, don haka idan taku ta ƙi shi ku sabunta rsync. Kalmar `restrict`, wadda ta shigo a OpenSSH 7.2 a 2016, tana rufe sauran hanyoyi gaba ɗaya, har da buɗe tagar umarni da karkatar da hanyar sadarwa. Tsakanin zaɓuɓɓukan waƙafi ake sawa ba tare da tazara ba, tazara ɗaya ce kawai kafin `ssh-ed25519`.

Ku gwada shiga kamar yadda kuka yi a mataki na huɗu. Yanzu abin da ake so shi ne a kore ku da saƙon kuskure daga rrsync. Idan har kun samu tagar umarni, ɗaurin bai kama ba, ku koma ku duba layin.

Akwai kuma `from="adireshi"`, wanda ke sa a karɓi makullin daga wuri ɗaya kaɗai. Yana da kyau ƙwarai ga ofis mai tsayayyen adireshi. Ga wanda ke kan layin waya kuwa, adireshin kan canza duk lokacin da rezo ya yanke ya dawo, sai jigilar ta tsaya ba tare da kowa ya sani ba. Mai irin wannan layi ko dai ya bar `from=`, ko ya haɗa na'urorin biyu da WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urori ta intanet, ya sa adireshin cikin gida da ya ba na'urar Maraɗi, wanda ba ya canzawa.

Abu ɗaya ya rage wanda ɗaurin ba ya maganinsa. Makullin da ke iya rubutu yana iya rubutawa a kan tsohon fayil, saboda haka idan cutar kwamfuta mai kulle fayiloli ta kama na'urar Maraɗi da rana, da dare gurɓatattun za su tafi su danne masu kyau. Maganin shi ne sabar ajiya da kanta, da wani asusu daban, ta riƙa kwafe foldar kowace safiya zuwa wani wuri mai ɗauke da kwanan wata, inda asusun `ajiya` ba shi da ikon taɓawa. A ganina wanda bai yi wannan ba bai gama aikin ba.

6. Ku rubuta saitin haɗi, ku gwada jigila

A asusun `aike` ku buɗe `~/.ssh/config` ku rubuta:

`Host ajiya`
`  HostName 203.0.113.10`
`  User ajiya`
`  IdentityFile ~/.ssh/makullin_ajiya`
`  IdentitiesOnly yes`
`  BatchMode yes`
`  ConnectTimeout 20`
`  ServerAliveInterval 30`

`BatchMode` yana hana SSH tsayawa jiran amsar tambaya a lokacin da babu kowa a gaban na'ura, sai ya faɗi nan take a ga kuskuren. `IdentitiesOnly` yana sa ya miƙa wannan makulli kaɗai, domin saba kan yanke haɗi bayan gwaji shida da bai yi nasara ba. Layuka biyun ƙarshe na rezo mai rauni ne, don kada haɗin da ya mutu ya rataye har gari ya waye.

Gwajin farko ku yi shi ba tare da aika komai ba:

`rsync -azv --dry-run /srv/lissafi/ ajiya:/`

Ku karanta jerin da ya fito, in ya yi daidai ku cire `--dry-run`. Saboda rrsync, alamar `/` da ke bayan `ajiya:` tana nufin `/srv/ajiya/maradi`, ba tushen sabar ba, don haka kada ku sake rubuta cikakkiyar hanyar, in kuwa kuka rubuta, za a neme ta a cikin foldar kanta.

Gargaɗi: karkatacciyar sandar da ke ƙarshen `/srv/lissafi/` tana da ma'ana. In tana nan, abin da ke cikin foldar ake aikawa, in babu ita kuwa foldar kanta ce za ta tafi, sai ku tarar da wata `lissafi` a can. Kuma idan lissafin yana cikin rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, kada ku kwafe fayilolinsa yana cikin aiki, domin abin da zai isa can ba lalle ya buɗu ba. Ku fara fitar da shi da `mysqldump` ko `pg_dump`, sannan ku aika abin da aka fitar.

7. Ku miƙa aikin ga cron

Cron shi ne tsarin Linux da ke gudanar da umarni da kansa a lokacin da aka sa masa. Ku ƙirƙiri `/home/aike/aika.sh`:

`#!/bin/sh`
`date >> /home/aike/aika.log`
`/usr/bin/rsync -az --partial-dir=.rabi --timeout=120 /srv/lissafi/ ajiya:/ >> /home/aike/aika.log 2>&1`
`echo "sakamako: $?" >> /home/aike/aika.log`

Ku ba shi izinin gudana da `chmod 700 /home/aike/aika.sh`, sannan ku buga `crontab -e` ku ƙara:

`30 21 * * * /usr/bin/flock -n /home/aike/aika.lock /home/aike/aika.sh`

Wannan zai tashi kullum da ƙarfe 9:30 na dare. `--partial-dir` yana ajiye fayil ɗin da bai gama isa ba a gefe, ta yadda idan rezo ya yanke ana tsakiyar babban fayil, jigila ta gaba za ta yi amfani da abin da ya riga ya isa maimakon a sake biyan datarsa, kuma rabin fayil ba zai zauna da sunan cikakke ba. `flock` yana hana sabuwar jigila tashi alhali ta baya ba ta ƙare ba. Idan aikin zai gudana lokacin da ma'aikata ke amfani da intanet, ku ƙara `--bwlimit=200` don kada ya cinye layin.

Abubuwa uku ne ke sa umarnin da ya yi aiki a hannu ya ƙi yi a cron. Na farko, cron ba ya ɗaukar saitin da kuka saba da shi, don haka ku rubuta cikakkiyar hanyar kowace manhaja. Na biyu, alamar `%` a cikin crontab sabon layi take nufi, shi ya sa ya fi kyau duk abin da ya shafi kwanan wata ya zauna cikin fayil ɗin umarni. Na uku shi ne agogo: yawancin sabobin haya suna kan lokacin UTC, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya, don haka ku duba da `timedatectl`, in da buƙata ku gyara da `sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey`.

Sai batun wuta, wanda duk mai aiki a garin nan ya san shi, musamman a watannin zafi. Idan na'ura na kashe a lokacin da aka sa, cron ba ya rama aikin da ya wuce. Mafita mafi sauƙi ita ce a sa jigilar ta tashi sau uku ko huɗu a yini, misali `30 9,13,17,21 * * *`, tunda in babu sabon abu rsync zai duba ya fita cikin ɗan lokaci. Wanda ya saba da systemd zai iya amfani da agogonsa tare da `Persistent=true`, wanda ke gudanar da aikin da aka rasa da zarar na'ura ta kunnu.

8. Ku rufe ƙofar kalmar sirri

Duk sabar da ke da adireshi a intanet, dare da rana ana gwada mata kalmomin sirri daga ko'ina a duniya. Bayan kun tabbatar cewa ku ma kuna da makullinku na kanku a asusun da kuke gudanar da sabar da shi, wanda shi kam dole a ɗaure shi da kalmar sirri, ku sa `PasswordAuthentication no` da `PermitRootLogin no` a `/etc/ssh/sshd_config`. Ku duba rubutun da `sudo sshd -t`, ku sabunta da `sudo systemctl reload ssh`, sannan ku tabbatar da `sudo sshd -T | grep -i passwordauth`. Idan har yanzu yana nuna `yes`, ku leƙa foldar `/etc/ssh/sshd_config.d/`, domin a Ubuntu fayilolin cikinta ake fara karantawa, kuma SSH saitin da ya fara gani yake ɗauka.

Gargaɗi: kada ku rufe tagar da kuke ciki sai kun buɗe wata sabuwa kun ga kun shiga lafiya. Kuskure a nan kan sa mutum ya kulle kansa a waje, kuma idan sabar tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 ce ko roƙon wani ya je gabanta.

9. Idan ya ƙi, da kula da shi bayan ya kama

Saƙon `Permission denied` kusan kullum daga mataki na uku yake, wato izini, mallaka, ko karyayyen layi. Ku gudanar da `ssh -v ajiya` don ganin wane makulli aka miƙa, amma ainihin dalilin a sabar ake samunsa, a `/var/log/auth.log` ko ta `sudo journalctl -u ssh`. Saƙon `Host key verification failed` yana nufin ko ba a yi mataki na huɗu da asusun `aike` ba, ko shaidar sabar ta canza. Idan kun san an sake girka sabar, ku goge tsohuwar shaidar da `ssh-keygen -R 203.0.113.10`, sannan ku maimaita mataki na huɗu da adireshin kai tsaye, domin sunan `ajiya` yana ƙarƙashin `BatchMode` kuma ba zai yi muku tambaya ba. Idan ba ku san dalilin canjin ba, ku dakatar da jigila har sai kun gano.

A `aika.log`, sakamako 0 shi ne lafiya, 23 na nufin wasu fayiloli ba su tafi ba, galibi saboda `aike` ba shi da ikon karanta su, 24 na nufin wani fayil ya ɓace ana tsakiyar aiki, 30 kuma lokacin jira ne ya ƙare. Ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba wannan fayil kowane mako, kuma sau ɗaya a wata ku shiga sabar da asusunku, ku ɗauko fayil ɗaya daga ajiyar, ku buɗe shi ku ga ko lissafin ranar ne a ciki. Ranar da aka sauya na'urar Maraɗi, ko wani da ke da ikon shiga cikinta ya bar aiki, ku goge layin tsohon makullin daga `authorized_keys`, ku ƙera sabo, ku sake bin mataki na biyu zuwa na biyar.